Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Magana A Kan Fihirisar Ɗakin Karatu

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu wanda a ido ƙarami ne, amma in an yi sakaci da shi yakan rushe aikin alheri na mutane da yawa. Abin kuwa shi ne fihirisar ɗakin karatu, watau jerin da a ke rubutawa na littattafan da ke cikin ɗaki, da sunan wanda ya wallafa kowanne, da abin da ya ƙunsa, da wurin da a ke ajiye shi. Turawa suna kiranta katalog. Manyan ɗakunan karatu na jami'a da na gwamnati suna da ma'aikatansu da aka koya wa aikin, a ke kuma biyansu albashi, sabo da haka ba su na ke nufi ba. Ina nufin 'yan ƙananan nan da jama'a ke haɗawa da kansu, a wani shago da aka ara, ko a ɗaki guda na makarantar Islamiyya ko ta yaƙi da jahilci, waɗanda masu tsaronsu ba su karɓar ko kwabo, sai neman lada wurin Allah.

Ra'ayina shi ne, duk irin wannan ɗaki, kome ƙanƙantarsa, wajibi ne a rubuta masa fihirisa, a tsara ta bisa yadda mutanen wurin ke tambayar littafi da bakinsu, sa'an nan a ajiye ta a fili inda kowa zai sa hannu ya duba. In ba a yi haka ba, to, ga rijiya cike da ruwa, amma guga ya hana.

Bari mu ɗauki unguwannin masana'antu na Kano su zama mana misali, tun da da yawa daga cikinmu can a ke tura mu gwajin koyarwa. Bompai ita ce tsohuwa, tana gabas da birni, kusa da hanyar jirgin ƙasa wadda ta iso Kano a 1911. Sharaɗa tana kudu maso yamma, bayan ganuwa. Challawa kuwa ta fi su nisa, tana wajen Panshekara, kusa da kogin da ta ci sunansa, kuma an san ta da masana'antun jimar fata. Ma'aikatan waɗannan wurare suna zaune a unguwanni irin su Dakata da Kawaji da Ja'en da Panshekara. Mutum ne ya shiga aiki tun da sassafe, ko kuwa ya kwana tsaye gaban inji, in ya tashi ga gajiya, ga iyali na jira. Akwai babban ɗakin karatu na jiha mai sunan Murtala Muhammad a cikin gari, amma wanda ya tashi aiki a Challawa da la'asar sakaliya, yaushe zai biya kuɗin mota ya je can, ya karanta, ya komo? Ɗan ɗakin unguwa shi ne nasa. Abin da ya rage masa na lokaci kuwa bai wuce tsakanin magariba da lisha ba. In ya ɓata rabinsa yana birkita kantoci yana neman littafi guda, gobe ba zai komo ba, kuma ba mai ganin laifinsa.

Waɗansu za su ce, "Haba, littattafai ɗari biyu ko ɗari uku har sai an yi musu fihirisa? Ai mai tsaron ɗakin ya san su kamar yunwar cikinsa." Gaskiya ne, ya san su. Amma ina ilmin nan ya ke? Yana cikin kan mutum guda. Mutumin nan kuwa ma'aikaci ne, ba shi da iko da zamansa. Tun daga 1986, sa'ad da gwamnati ta kawo tsarin nan na gyaran tattalin arziki da a ke kira SAP, ga kuma ƙarancin wutar lantarki da shigowar tufafin waje masu araha, masaƙu da masana'antu da yawa na Kano sun rufe, waɗansu sun rage ma'aikata. Wanda ke tsaron ɗaki yau, gobe ana iya sallamarsa ya koma garinsu noma, ko a juya shi aikin dare, ko ya yi aure hidima ta yi masa yawa. Na san wani ɗan ɗaki a wajen Sharaɗa wanda haka ta same shi. Mai tsaronsa mutumin kirki ne, ko cikin duhu aka tambaye shi littafi zai miƙa hannu ya ɗauko. Da aiki ya ƙare masa ya bar garin, waɗanda suka gaje shi suka rasa sanin abin da ke ɗakin, da abin da ke hannun masu aro, da abin da wani ya kawo ajiya kawai. Ba wanda ya yi sata, ba wanda ya yi ha'inci, amma kafin shekara ta kewayo kantoci sun yi gibi kamar bakin tsohuwa, masu ba da kyautar littafi kuma suka janye hannu, don ba mai son zuba ruwa a kwando.

Wannan ciwo ba yau ya fara ba. A zamanin yaƙin duniya na biyu, 1939 zuwa 1945, an buɗe ɗakunan karatu a garuruwan Arewa a ƙarƙashin En'e, inda mutane kan je su karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, su ji labarin yaƙi. Da yawa daga cikinsu yanzu sai labari. Tara littattafai ba shi da wuya, kowa na iya yi ran da zuciyarsa ta motsa. Riƙe su shekara da shekaru shi ne aiki.

Kada kuma wani ya zaci fihirisa baƙon abu ce da Turawa suka kawo mana. Kalmar ma daga Larabci muka aro ta. A Bagadaza an yi wani mai sayar da littattafai, Ibn al-Nadim, wanda a shekara ta 377 ta Hijira, watau 987, ya haɗa littafinsa mai suna al-Fihrist. Ya kasa shi kashi goma, ya jera littattafan da ya sani na Larabci da sunayen mawallafansu. Da yawa daga cikin littattafan nan sun ɓace, yau ba a san an taɓa yin su ba sai don ya rubuta sunayensu. A nan Kano kuma akwai Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa, wanda ya rasu a 1962. Takardu da littattafan da ya bari, fiye da 3,000, suna Jami'ar Northwestern a Amurka, an jera su an rubuta bayanin kowanne, har mai bincike daga nesa yana iya sanin abin da ke ciki. Ku tuna kuma da malamai nawa ne a birnin nan waɗanda kundayensu suka watse ran rabon gado, wannan ya ɗauki gafaka guda, wancan ya ɗauki rabin littafi a tadarishi, saura gara ta gama da su, ba a bar ko takarda guda mai faɗin abin da aka yi hasara ba.

Su ma'aikatan da mu ke magana a kansu ma sun riga mu sanin wannan hikima. Kowace masana'anta tana da sito, kowane ƙarfen gyaran inji yana da lamba, ba ya shiga ba ya fita sai an rubuta. A majema ana ware fatar akuya daban, ta tunkiya daban, ƙirgi daban, a kuma ware mai kyau da mai tabo. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kowace sana'a da layinta, mai neman sirdi ba ya zuwa wurin masu sayar da littattafai. Ashe mutumin da ya san darajar kusa guda har ya rubuta ta, ba zai yi wuya a nuna masa darajar rubuta littafi ba.

To, yaya za a yi ta? Abu uku a ke bukata, kuma duka ba su kai kuɗin littafi guda mai tsada ba.

Na farko, rajista. A sami littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, wanda aka ɗinke, ba mai saukin yagewa ba. Duk littafin da ya shigo a ba shi lamba, daga 1 a yi ta tafiya, a rubuta ranar da ya zo, da sunansa, da mawallafinsa, da wanda ya kawo shi, da ko kyauta ne ko waƙafi ko ajiya. A rubuta lambar nan da tawada a cikin bango, a kuma maimaita ta a wani shafi na ciki da aka yi shawara a kansa, don bango yakan cire. In littafi ya ɓace ko ya lalace, a ja layi a kan lambarsa a rubuta dalili, amma kada a sake ba wani littafi ita har abada. In kofi biyu ne na littafi guda, kowanne da lambarsa, kamar yadda tagwaye kowa da sunansa.

Na biyu, katuna. Girman da aka saba a ɗakunan karatu na duniya shi ne faɗi santimita 12.5, tsayi 7.5, amma ba dole sai an saya ba. Kwalin da masana'antu ke zubarwa ya isa, in aka yanka shi daidai wa daida, kwalin takalmi kuma ya zama akwati. Kowane littafi a yi masa kati uku, don mutane iri uku ne ke zuwa nema. Wani ya san sunan littafi, wani ya san sunan mawallafi kaɗai, wani kuwa bai san ko ɗaya ba, abin da ya sani shi ne yana son littafin da zai koya masa gyaran wuta ko hukuncin gado. Wannan na ukun shi ya fi yawa, shi ne kuma ya fi jin kunyar tambaya. A huda kowane kati a ƙasa, a zura igiya ko waya ta ratsa su duka, don kada yaro ya tuntsurar da akwati aikin wata guda ya zube.

Na uku, littafin aro: wa ya ɗauka, wace lamba, yaushe, yaushe zai mayar. A nan ne wani dattijo zai ɓata rai ya ce, "Ni za a rubuta? Ana zargina ke nan?" A ba shi haƙuri cikin ladabi, a tuna masa ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce a rubuta bashi, kuma ba ta ware mai gaskiya ba. Littafin waƙafi amana ne a wuyan mai tsaro, rubutu kuwa yana tsare mutuncin mai aro da na mai bayarwa gaba ɗaya.

Saura maganar yadda za a jera littattafan a kan kanta, kuma a nan ne na san zan saɓa da waɗansu abokaina da suka karanta ilmin ɗakin karatu. Su suna cewa a bi tsarin Melvil Dewey, Ba'amurken da ya fito da shi a 1876, wanda ya kasa ilmi kashi goma, daga 000 zuwa 900. Tsari ne mai kyau ƙwarai ga babban ɗaki, ba na musu. Amma ku duba yadda ya ke. A kashin addini, watau 200, daga 220 har 280 na Baibul ne da addinin Kirista, Musulunci duka an tara shi a 297. Adabin Hausa kuwa sai an gangara can 893.72 kafin a tarad da shi. Ɗakin da rabin kayansa Fiƙihu ne da Hadisi da labaran Hausa, in ya bi wannan, sai kantoci biyu su cika maƙil da lambobi masu dogon jela, saura su zauna fayau. Mai walda da ya gaji kuma ba zai tsaya ƙirga ɗigo da lambobin bayansa ba. Riga ce da aka ɗinka wa wani, in mun sa ta sai ta matse mu a wuya ta yi mana yawa a hannu.

Abin da na ga ya fi shi ne a kasa littattafan kashi goma ko goma sha biyu da sunayen Hausa: Addini, Sana'a, Lafiya, Tarihi, Labarai da Waƙoƙi, Harsuna, Lissafi da Kimiyya, Dokokin Ƙwadago, Shirin Jarrabawa, Littattafan Yara. Inda kashi ya yi yawa a sake raba shi, kamar Addini a fitar da Tafsiri da Hadisi da Fiƙihu da Sira, Sana'a kuma a fitar da Wuta da Inji da Saƙa da Jima. A rubuta sunan kowane kashi a goshin kanta da boko da ajami, gama akwai masu karatu da yawa waɗanda ajami ya fi musu sauƙi. A manna wa kowane kashi launinsa a gefen littafi, kore ga Addini, ja ga Sana'a, don ko yaro ya ga baƙo a cikin layi ya gane. Wanda ya iya tsarin Dewey kuwa, ba a hana shi ya rubuta lambar da fensir a kusurwar kati ba, 675 ga jima, 677 ga saƙa, don in ɗakin ya girma wata rana a sami abin kamawa.

Akwai kuma waɗansu ramuka na musamman da ke jiran mai fihirisa a ƙasar Hausa, ya kamata a san su tun kafin a faɗa. Na ɗaya sunayen mutane. Turawa suna jera mawallafi da sunan zuriyarsa, mu kuwa sunan na biyu wani lokaci na uba ne, wani lokaci na gari, wani lokaci sarauta ko laƙabi. Kagara da ke bayan sunan Bello Kagara, mai Ganɗoki, gari ne, haka Tafawa Ɓalewa da ke bayan sunan Abubakar, mai Shaihu Umar. Shawarata a jera Bahaushe da sunansa na yanka, a tsallake Alhaji da Hajiya da Malam da Dokta, in ba haka ba rabin akwati zai taru a ƙarƙashin A da M. Sa'an nan a sa wani kati a ɗaya sunan mai nuna hanya: wanda ya duba Imam ya tarad da "duba Abubakar Imam". Na biyu, littattafan zaure. Ba mai zuwa ya tambayi littafi da cikakken sunansa na Larabci. Ahalari za a ce, alhali wannan sunan mawallafin ne, al-Akhdari. Ishiriniya za a ce, alhali mai ita, Alfazazi, wani suna ke bisa littafinsa. A yi babban kati da sunan da mutane ke faɗi, a rubuta na asalin a ƙarƙashinsa. Na uku, labaran nan na marubutan Kano da suka yawaita tun shekarun 1980, waɗanda sukan fito kashi na 1, na 2, na 3. Kowane kashi a ba shi lambarsa, amma katin suna guda ya nuna waɗanda a ke da su da waɗanda babu, don kada mace ta karanta biyu ta kwana tana jiran na uku wanda bai taɓa shiga ɗakin ba. Na huɗu, haruffa masu lanƙwasa: a yanke shawara sau ɗaya cewa ɓ tana bin b, ɗ tana bin d, ƙ tana bin k.

Duk waɗannan ƙa'idodi a rubuta su a takarda guda, a manna a murfin akwati. Wannan takarda ita ce gadon da mai tsaro zai bar wa na bayansa.

Na san matasa za su ce, "Ana zamanin kwamfuta da wayar hannu, kai kana maganar kwali da igiya?" Ba na ƙin kwamfuta. Akwai ma wata manhaja ta kyauta mai suna Koha, wadda aka yi a 1999 domin ɗakunan karatu na wata ƙaramar gunduma a New Zealand, yau kuwa ana aiki da ita a ƙasashe da yawa. Amma wutar da ta gagari manyan masana'antu, ɗan shagon unguwa ne zai dogara da ita? Waya kuma tana da mai ita, in ya tafi ta tafi, da kalmar sirrinta duka, mun koma gidan jiya ke nan. A fara da takarda, wadda ba ta bukatar caji. Amfanin waya a nan shi ne a ɗauki hoton kowane shafi na rajista, a ajiye a hannun mutum biyu ko uku, sabo da gobara da yoyon damina. In daga baya Allah ya hore kwamfuta, wanda ke da rajista mai tsabta kwafewa kawai zai yi.

Fihirisa kuma, in an gama ta, ta mai karatu ce. Kada a kulle ta a aljihun tebur kamar kuɗin adashi. A aza akwatin a bakin ƙofa. Duk sabon zuwa a zauna da shi kaɗan, a ce ya faɗi abin da ya ke so, a bar shi ya nemo katin da hannunsa, ya bi launi, ya ɗauko littafin. Wanda ya yi haka sau ɗaya ba ya sake jiran kowa. A ajiye kwando a ce duk wanda ya gama da littafi ya sa a ciki, mai tsaro ya mayar da kansa, gama littafin da aka ajiye ba a wurinsa ba, shi da ɓatacce duk ɗaya. A rataye wani ɗan littafin rubutu inda za a riƙa rubuta abin da aka nema ba a samu ba, don ran da wani mai hali ya ce me ku ke bukata, a nuna masa, kada ya kwaso tarkacen da ba mai buɗewa. Sau ɗaya a shekara kuma, kamar kafin azumi, a rufe ɗaki yini guda, wani ya riƙe rajista yana kira, wani yana amsawa daga kanta.

Wani amfani kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba, fihirisa tana iya shiga inda ɗakin ba ya shiga. Matan aure da yawa a unguwannin nan masu son karatu ne ƙwarai, amma ba za su zo su tsaya cikin maza suna duba kanta ba. In aka kwafe jerin littattafan a 'yan takardu, yaro ya kai cikin gida, uwa ta zaɓa, ta aiko da lamba. Da wannan kaɗai masu karatu sai su ninka ba a ƙara ko bulo guda a gini ba.

To, 'yan'uwa, wa zai yi wannan aiki in ba mu ba? Mun iya boko, mun iya ajami, mun taɓa Larabci a zaure, an kuma koya mana riƙe rajistar aji. Mu yi lissafi: in mutum huɗu suka zauna, kowa ya gama littafi 15 a yamma guda, 60 ke nan, ɗakin da ke da 300 yamma biyar ta ishe shi. Amma kada mu yi mu kaɗai mu kaɗe riga mu tafi, don mu ma baƙi ne, zangon gwaji na ƙarewa za mu koma makaranta. Mu zaunar da mutum biyu ko uku na unguwar su yi tare da mu, har hannunsu ya faɗa, su kuma su koya wa na bayansu. Ina kuma roƙon malamanmu, in sun ga maganar ta yi daidai, su sa wannan cikin abin da a ke dubawa a gwajin koyarwa, su kuma gyara mini inda suka ga da gyara, gama abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi.